Abin da Ban Yanke Ba a Gogen Kawu

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi a ƙofar gidansa da ke unguwar Hajara a Sabha, yana zaune, jarka tsakanin ƙafafunsa, basilla a hannu. Mai jarkar yana tsaye a kansa yana ba shi labarin hanyar Dirku, sai da ya kai ƙarshen labarin sannan ya lura ba a amsa masa ba. Daga Allah muka fito, gare shi kuma za mu koma. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Na ɗauki alƙalami ne saboda na zauna kwana uku a tabarmar makoki ina jin ana yabon mutumin da rabinsa kawai aka sani.

Direbobi ne suka fi yawa. Duk mai ƙetare sahara daga Sabha zuwa Agadas yana rataya jarkar ruwa a jikin mota, an ɗinke ta da buhun algarara, a jiƙa buhun don ruwan ya yi sanyi. Wannan ɗinkin shi ne sana'ar Kawu a ƙarshen rayuwarsa. Wani direban kamiyo, wato babbar mota, ya ce, "Ɗinkin tsohon ga, kamiyo ta mutu, jarka ta hwashe, buhu na nan yadda yake." Aka gyaɗa kai, aka shafa fatiha. Wani Balarabe mai gona a Wadi Bawanis, inda Kawu ya yi shekaru yana hawan dabino, ya zo da kwali biyu na dabino, ya zauna yana share hawaye da gefen rawaninsa. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Shi mutum kirki. Ba sata, ba ƙarya, ba magana yawa." Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina. Ba magana da yawa? Kawun da zai yi maka faɗa a kan yadda ka ajiye takalmi tun azahar har la'asar?

Rana ta biyu wata tsohuwa 'yar Maraɗi, mai sayar da abinci a unguwar Jadid, ta fito daga wajen mata za ta tafi. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun san wa kunka ruhe kuwa?" in ji ta. "Mutumin da in ya ja baka bisa goge a Gobir, mata na barin tukunya kan wuta su tahi kallo. Ni na bar tawa har ta ƙone."

Liman ya shiga gyara carbinsa. Na ɗaga kai, sai muka haɗa ido da Yaya.

Yaya shi ne babban ɗan Kawu, direban babbar mota. Taubashina ne, ni ɗan mace shi ɗan namiji, don haka tun muna yara ba ya kirana da komai sai "bawana", ni kuma ban taɓa barin zagin ya kwana ba. Ranar ya ja ni bayan gida, ya kira ni da sunana na yanka, wanda na manta ya san shi.

"Abin nan da ke cikin ordinatar ɗinka," ya ce. "Kahin sadakar bakwai ka shahe shi."

Na ce, "Yaya, ba kiɗa ba ne. Guntayen sauti ne."

"Tsoho ya tuba shekara talatin. Ba za shi kwanta kabari ana rubuta mai zunubi duk sa'ad da ka danna yatsa ba. Ka shahe shi, ko in zo in shahe da guduma."

Ya juya ya tafi. Tun daga wannan lokacin na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a tabarma sai in tashi in tafi shagon da nake aiki, in na buɗe shago sai in kulle in dawo. Abin da ke cikin kwamfutar nan shi kaɗai ne ya rage a duniya na hannun Kawu a kan tsirkiya. Babu kaset, babu hoto, babu komai. Kuma ban san ko Yaya ba shi da gaskiya ba, wannan ne ya fi ci mini rai.

Na zo Sabha a shekarun da aka buɗe wa baƙar fata ƙofa, lokacin da kowane allo a bakin titi yake ɗauke da taswirar Afirka, kowane saurayi a garinmu kuma yake ɗaure jaka. Niyyata in kwana biyu gidan Kawu in wuce Tarabulus, daga can kuma sai inda ruwa ya kai ni. Da safe na nemi jakata na rasa. Na yi kwana tara ina zargin maƙwabta, Kawu yana taya ni zagin ɓarawo, har sai da motar da zan bi ta tafi, shi kuma ya samo mini aiki a shagon wani Balarabe a Jadid, inda ake ɗaukar waƙoƙin biki a mayar da kaset faifai. Sannan ya jawo jakar daga ƙarƙashin gadon Inna, matarsa, ya miƙo mini. Bai ba ni haƙuri ba. Cewa ya yi, "Ƙanwata ta aiko mani ɗa, ba ta aiko wa teku ba."

Haka yake. Ba ya neman shawararka a kan alherin da zai yi maka.

Yana da hannun hagu da ba ya hutawa. Ko shayi yake sha, yatsunsa huɗu suna tafiya a jikin kofin, su hau su sauka. A sahun salla ma na sha ganin su suna motsi a kan cinyarsa, sai ya damƙe su da hannun dama kamar ya kama ɓarawo. In rediyo ta sako goge, zai miƙe ya kashe ta, ya fita waje ya tsaya. Ba ya cin abincin kowa sai na Inna. Da rana ta karkata, ko a tsakiyar magana yake, zai kakkaɓe riga ya ce, "Innakku na jirana." In ya makara, tun daga ƙofa za ka ji ta tana cewa, "Na ruhe maka shi, Malam," shi kuma ya yi gunaguni cewa tuwon da aka rufe ba kamar na kan wuta ba ne, ya kuma cinye tas.

Labarin rantsuwarsa kowa a dangi ya sani, ba dai a yin sa a gabansa. Kakarmu, mahaifiyarsa, ba ta taɓa son gogen ba, saboda wuraren da yake kai shi. Da ciwon ajali ya kama ta, ta riƙe hannunsa na hagu ta ce ya yi mata alkawari ba zai ƙara kiɗa ba. Ya yi. Bayan sadakar arba'in ya ba da gogensa, ya kwashi Inna da yara ya yi arewa, inda ba wanda zai gan shi a hanya ya kira shi da kirarinsa.

Ni ne na janyo abin da ya gudu ya bari, ba da niyya ba da farko.

Wata shekara aka shirya taro a gidan al'adu na gari, za a karɓi baƙi daga ƙasashen Afirka. Mudir, shugaban gidan, yana son a buɗe taron da irin kiɗan nan mai nauyi da ake gani a talabijin ɗin Masar, mutum arba'in a jere da baƙaƙen kwat, kowa da kamanja. Kamanja ita ce gogen Larabawa da Turawa, mai tsirkiya huɗu. Akwai ƙanana da ake maƙalewa a haɓa, akwai manya da ake jingina wa gwiwa, masu gurnani. A duk Sabha ba za ka tara mutum biyar da suka iya ta ba. Maigidana ya amsa wa Mudir cewa an gama, sannan ya zo ya tambaye ni ko zai yiwu.

Ya kawo mini wasu faya-fayai daga Tarabulus. A wata ƙasa an zaunar da masu kamanja, an sa su ja sauti ɗaya-ɗaya, an ɗauka, an jera. Kai kuma ka haɗa fiyano da kwamfuta, duk maɓallin da ka danna sai sautin ya fito. Na saurari tsohon kaset ɗin da Mudir ya aiko har ya kusa tsinkewa, na ware abin da ƙanana ke yi, da na tsakiya, da na masu gurnani, na bi su layi-layi ina dannawa. Mako uku ina wannan. Da na haɗa su na kunna, wallahi sai da na tashi na zaga shagon don murna. Na ji kamar ni kaɗai na haifi mutum arba'in.

A lokacin Kawu yakan kawo buhunansa ƙofar shagonmu, don a nan Jadid direbobi ke taruwa. Bai taɓa shiga ba. Ranar sai na ga inuwarsa a bakin ƙofa.

"Mi ke kuka nan ciki?"

Na ce, "Kamanja arba'in ne, Kawu."

"Sake."

Na sake kunnawa. Ya saurara, kai a karkace, yatsu suna tafiya a jikin ƙofa. Da aka zo wani dogon sauti da na riƙe, sai ya ɗaga hannu.

"Kai, wane irin doki ne ke da wutsiya mai tsawon haka?"

Ban gane ba. Ya dube ni kamar na yi karatun banza. Bakan da ake goga tsirkiya da shi, da izgar doki ake yin sa, kuma yana da iyaka. In ka ja ya ƙare, dole ka juyo da shi, a wurin juyowar nan kuma sauti yakan ɗan numfasa. Nawa sautin ya miƙe kamar ƙarar injin ban ruwa, ba farko ba ƙarshe.

"Kuma ba arba'in ba ne," ya ce. "Mutum guda ne ka tsaida gaban madubi arba'in. Ina wanda ya makara? Ina wanda ya yi hwaɗa da matatai da sahe, shina ja da haushi? Ina tsohon da hannunai ke rawa?"

Na ji haushi ƙwarai, don ba abin da ya kai a kushe maka aikin mako uku ciwo, musamman in mai kushewar yana da basilla a hannu. Na ce, "To Kawu ai sai ka zo ka gyara." Na faɗa ne don ya fita. Sai ya jawo kujera.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana zuwa. Bai taɓa fiyano ba, bai kalli allon kwamfuta ba, akwati yake ce mata. Yakan rufe ido, ya riƙe basilla kamar baka, yana ja a iska. In basillar ta kai ƙarshe ya juyo, sai ya buga ƙafa, ni kuma in sa alama, in yanke sautin a nan, in rage ƙarfinsa kaɗan kafin yankan, in bar shi ya kumbura bayansa. Ya sa na rarraba mutanen: waɗansu su shigo da gaggawa, waɗansu su ɗan yi nawa, guda biyu a ɗan karkatar da sautinsu kamar gashi ɗaya. Har suna ya ba su. Akwai Mai Haushi, akwai Malalaci, akwai wani daga cikin masu gurnani da ya tsana ba dalili, yana ce masa Surukina. "Rage Surukina, ya cika baki." Ranar da muka gama, maigidana ya shigo ya tsaya, ya leƙa bayan labule ko mun ɓoye mutane.

Da a nan na tsaya, da ba ni da abin kunya a wannan labarin.

Wani matafiyi ya taɓa barin goge a shagonmu ajiya, don an ce masa ba zai kai Tarabulus a bayan mota ba tare da ya fashe ba. Bai dawo ba. Yana rataye a ƙusa, fatar ƙoƙon ta saki, jakin da ke ɗaga tsirkiya ya faɗi. Kwana goma sha ɗayan nan Kawu yana zama ya ba shi baya. Wata safiya na zo na tarar an sauke shi an shanya a rana, an sassaƙa sabon jaki, an shafa wa izga ƙaro. Na tambaya, ya ce shi bai san komai ba, ya dai ga abin mutane yana lalacewa.

Nan shaiɗan ya raɗa mini. Na ce, "Kawu, taron na Afirka ne, amma duk kayan kiɗan na wasu ne. Da za ka ja mani sauti ɗaya-ɗaya, yadda waɗancan suka yi."

"Na yi alkawari."

"Alkawarin kiɗa ka yi. Sauti guda ai ba kiɗa ba ne. Ko ƙofa in an buɗe ta tana yin sauti guda."

Ya kafa wa gogen ido. Na san yana so, na kuma san na sami ƙofar da zan shigar da shi, na tura. Wannan shi ne laifina, ba na ɓoye shi.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya zauna gaban makirfo, ya ɗora gogen a cinya. Ya ja sauti ɗaya. Ya sauke baka, ya ce, "Na gaba." Haka muka yi ta yi: kowane sauti a hankali, sannan da ƙarfi, ja da turawa, gajere da dogo. Bai taɓa barin biyu su haɗu ba. In yatsa ya zame zai kai ga na kusa, sai ya ɗauke baka da sauri ya yi istigfari. Tsakanin sauti da sauti kuwa bakinsa bai rufu ba. Ya zagi mai gogen da bai iya ɗaure izga ba. Ya ba ni labarin wani biki a Tibiri inda aka yi ruwa fatar gogensa ta saki, ya gasa ta a bakin murhu ya ci gaba. Ya yi dariya har da tari. Ya kira sunan kakarmu sau biyu. Kusan awa biyu na'ura tana ɗauka.

Washegari na zauna na yi abin da kowane mai wannan aiki yake yi. Na bi ɗaukar daga farko, na yanke kowane sauti daidai inda ya fara da inda ya mutu, na ajiye shi a maɓallinsa. Abin da ke tsakani, tari da surutu da jan numfashi da dariya, mu a wajenmu datti ne. Kwamfutar tsohuwa ce, cikinta ya cika da kamanja arba'in, ba wuri. Na tattara dattin na zubar, ban ko yi tunani ba.

Sannan na jera guntayen na yi waƙa da su, na ɗora ta a kan kamanja, gogen yana gaba su suna binsa. Na kira Kawu ya ji, ina jiran yabo.

Ya saurara har ƙarshe a tsaye. Fuskarsa ta canza.

"Wa ya yi wanga kiɗi?"

Na ce, "Ni ne, da fiyano."

"Hannun wa ke ciki?"

Na mayar da ido kan allon kwamfuta.

"Ka sa ni na yi kiɗi ina zaune waje ina ɗinki. Mi zan ce ma wadda na yi ma alkawari?" Ya ɗauki buhunansa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Kuma wurin juyawa na ukku ka yi kuskure."

Da ina da kunya da na cire gogen. Ban cire ba. Mudir ya riga ya ji, ya rungume maigidana, ni kuma ina son a tafa mini. Aka kunna a taro, baƙi suka miƙe tsaye, wani daga cikinsu ya tambaya a nuna masa mai gogen. Kwana biyu bayan nan wani direba ya je har Hajara ya yi wa Kawu barka a gaban mutane. Daga ranar Kawu ya daina zuwa Jadid. In na je gaishe shi, sai ya amsa wa bango. Wata huɗu muka yi haka, Inna tana ba ni abinci a zaure kamar baƙo.

Da tafiya ta kama ni zuwa gida duba mahaifiyata, ban yi masa sallama ba, don ni ma ina da nawa taurin kan, a wajensu na gada. Da asuba na buɗe ƙofa zan fita tasha, sai na yi tuntuɓe da jarka. An ɗinke ta da buhu ninki biyu, an riga an jiƙa, an yi mata maratayi da igiyar da ba ta cin hannu. Motarmu ta lalace kwana uku a bayan Dirku. Ruwana ne kaɗai bai zama kamar na wanka ba, mutum shida muka sha.

Da na dawo na durƙusa a gabansa na ce, "Kawu, in shafe?"

Bai ɗago daga ɗinki ba. Ya ce, "Ka ci abinci?"

Na sake tambaya bayan wata guda, ya ce in miƙo masa zare. Har ya koma ga Allah bai ce a shafe ba, bai ce a bari ba. Ni kuma ban ƙara sa gogen a wata waƙa ba. Wani lokaci dai, in shago ba kowa, nakan danna maɓalli ɗaya in saurara.

Wannan shi ne abin da Yaya ya ba ni kwana biyar in shafe. Na yi ta kai da kawo tsakanin Hajara da Jadid har mai shayin kan kwana ya tambaye ni ko na yar da wani abu a hanya. Sau uku ina zama gaban kwamfuta, in zaɓi guntayen duka, in ɗora yatsa, in tashi in fita.

Rana ta shida da safe Inna ta aiko a kira ni. Tana takaba a ƙuryar ɗaki, ta rame, carbi a hannu. Na zauna daga bakin ƙofa. Na ɗauka ita ma umarnin Yaya za ta maimaita.

"An ce ka ɗauki Malam cikin akwati," ta ce.

Na ce, "E, Inna. Gobe zan shafe."

"Ni ba gogen nike so ba. Na ji shi ya ishe ni tun ina yarinya. An ce ranar ya yi ta zuba, har da dariya. Ka kawo mani in ji muryatai sau guda, sannan ku yi abin da za ku yi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Awa biyu na muryar Kawu, da labarin Tibiri, da tarinsa, da sunan kakarmu a bakinsa, ni da hannuna na kira su datti na zubar, don in sami wurin ajiye Surukina. Na ce mata to, na fita, don ban iya faɗa mata ba.

A shago na buɗe kowane lungu na kwamfutar. Na duba tsofaffin faya-fayai ɗaya bayan ɗaya, ko na taɓa kwafa na manta. Babu. Na zauna ina zagin kaina da duk zagin da Kawu ya koya mini. Daga baya, don rashin abin yi, na shiga danna maɓallan ina riƙe kowanne har ya mutu, ko numfashinsa ya maƙale a wutsiyar wani. Na iya aikina, abin haushi. Kowanne na yanke shi tsaf.

Sai na kai kan na can ƙasa, sautin tsirkiya ba yatsa a kanta, wanda muka ɗauka a ƙarshe. Na tuna na ce masa ya ja shi iyakar tsawon baka. Na tuna kuma na ji haushi washegari, don ya yi magana tun sautin bai mutu ba, in na yanke maganar sai na yanke wutsiyar. Na bar shi haka, na ce ba mai riƙe maɓalli har can. Ni ma ban taɓa riƙewa ba.

Na ɗauki kwamfuta da fiyano da lasifika na zuba a tasi. A ƙofar gida Yaya ya tare ni.

"Kiɗi za ka shigo da shi gidan makoki?"

Daga ciki Inna ta ce, "Bar shi ya shigo. Kai ma shigo."

Na haɗa wayoyi a tsakar ɗaki. Na tura fiyanon gabanta, na nuna mata maɓallin. Na ce, "Inna, ki danna, kada ki saki. Ko kin ji ya yi tsawo, kada ki saki."

Ta ɗora yatsa. Gogen ya cika ɗakin, sauti guda, mai kauri, yana ɗan rawa a tsakiya. Yaya ya juya fuska ga bango. Sautin ya yi ta tafiya, ya fara sirancewa, baka ya kusa ƙarewa. Sai ga Kawu, kusa, kamar yana zaune a kan tabarmar:

"Ya isa hakanan. Tashi mu tahi, Innakku na jirana, tuwo na hucewa."

Aka ji ƙarar ajiye baka, sai shiru.

Yaya ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna girgiza. Ni kaina kuka nake, ban damu da a gani ba. Da ya sami kansa, ya share ido ya dube ni.

"Sauran duka ka shahe, yanzu, gabana," ya ce. "Wanga guda ka bar ma tsohuwa. In akwai zunubi cikinai, a rubuta mani." Ya ja hanci. "Kuma ka yi sauri, bawan banza."

Na zaɓi sauran na shafe, yana kallo. Ban ji sauƙi ba, ba kuma zan yi ƙaryar na ji ba. Hannun da mata ke barin tukunya dominsa ya tafi a cikin ƙiftawar ido, kuma ni ne mutum na ƙarshe da ya ji shi. Amma alkawarin da Kawu ya yi wa mahaifiyarsa ya koma yadda na same shi. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe mini abin da na sa shi. Allah ya haɗa shi da wadda ya riƙe wa alkawari.

Ina naɗe wayoyi Inna ta ce in dakata. Ta jawo fiyanon kusa da gwiwarta, ta nemo maɓallin da kanta, ta danna. Muka sake jiran bakan ya ƙare. Da ya ce tuwo na hucewa, sai ta gyara mayafinta, ta amsa masa a hankali.

"Na ruhe maka shi, Malam."